Chindo Mai Karatun Baibai

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Illela da hantsi zai ga igiyoyi uku a ƙarƙashin wani tsohon itacen bedi, riguna jere a kansu, kowace a juye: ɗinki a waje, zane da rubutu a ciki. Baƙo yakan ɗauka mai wankin ne bai san cikin riga da bayanta ba. Ɗan gari kuwa ko kallo ba ya yi, don ya san wurin Chindo ne, wanda aka laƙaba wa Baibai tun gashin kansa yana baƙi. Yanzu ya haura hamsin da biyar. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa ya yi fari saboda ruwan sabulu, kuma akwai abu guda da yake ɓoyewa kamar ransa. Duk unguwar ta yarda Chindo gwanin karatun boko ne, alhali ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba.

Rashin karatun ba laifinsa ba ne. A wani ƙauye wajen Alela aka haife shi, kuma shekarar da masu ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, suka zo, mahaifinsa ya cusa shi cikin rumbu ya rufe shi da damman gero har motarsu ta tashi. Shi dai abin da ya riƙe na wannan rana ƙaiƙayi ne, don kwana biyu ya yi yana susa. Karatun allo ya yi gwargwadon abin da zai yi salla da shi, sauran kuwa gona ta cinye. Yana da shekara ashirin damina ta ƙi, ya tafi Konni ci-rani, Allah ya haɗa shi da Hamani, wani tsohon Bazabarme mai wanki da guga, wanda direbobin manyan motoci ke kai wa kaya.

A can ne zaki ya koya masa hankali. Wani direba ya kawo riga mai hoton zaki a ƙirji, baki buɗe, irin zanen nan na roba da ake mannawa da zafi. Chindo, don ya burge, ya dirje ta da burushi har da ƙarin jabel, ruwan nan mai sa kaya fari, ya shanya ta a tsakar rana, sannan ya cika dutsen guga da garwashi ya danna a fuskar zakin. Da ya ɗaga, rabin zaki na jikin riga, rabi na ƙasan dutsen guga, ƙauri ya cika rumfar. Direban ya yi faɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Hamani ya jira sai da mutumin ya tafi, sannan ya miƙa wa Chindo wata dakusasshiyar wuƙa ya ce ya kankare zakinsa. Yini guda ya yi yana kankara, yana jin haushin kansa, kuma kafin ya gama ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai sake barin wani abu ya taɓa fuskar zane ba.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan bai karya alkawarin ba. Da ya dawo arewa ya kafa rumfarsa a Illela, abin da yake fara yi wa duk rigar da ke da zane ko rubutu shi ne ya zura hannu ya juya ta. Ruwan da ya sha rana a cikin roba ba ya taɓa irin waɗannan riguna, sai na randa mai sanyi. Sabulun gari sai ya narke tas kafin riga ta shiga, shi ma kaɗan, jabel kuwa ko warinsa ba ya bari ta ji. Ba ya cuɗa wurin zanen, sai dai ya yi ta lallaɓa shi da tafin hannu kamar mai yi wa jariri wanka. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne ya ga mace ta kama riga mai rubutu tana murɗewa da ƙarfin tsiya, haruffan suna tsagewa tana ta hirarta. Shi matsewa yake yi a hankali, ya girgiza, ya rataye a inuwar bedi, iska ta ƙarasa aikin. In guga ta kama, ta ciki yake yi, da farin ƙyalle a tsakani, bayan garwashin ya yi toka.

Wannan aiki ba ya tafiya da gaggawa, shi kuwa Chindo bakinsa ba ya da linzami. Duk wadda ta ce masa tana son rigarta kafin azahar sai ya nuna mata hanya da haɓa ya ce, "Ga tabki can, ga dutse, ki tai ki buga ta hal ta mutu." Ta tafi tana mita, gobe ta dawo, don ta san rigar ranar mata da ta shekara huɗu a hannunsa har yau rubutunta na nan kamar jiya aka buga. 'Yan kabu-kabu ma shi suke kawo wa rigunansu masu lamba a baya. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Yana da gida mai ɗaki biyu, da awaki huɗu, da 'ya'ya mata biyu a gidajen mazajensu, da matarsa Barira mai ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ya fi nasa kaifi. In la'asar ta yi ya kwashe shanya, sai ya ɗora shayi, ya kunna rediyo, ya miƙe ƙafa, ya ji duniya ta yi masa daidai.

Maganar karatu kuwa ƙwallo ce ta jawo masa ita. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Mushe Attahiru, malamin lakwal (Mushe ake kiran malaman boko a nan) wanda ke horar da ƙungiyar ƙwallon unguwa da ake kira Gawo, ya fara kawo masa rigunan 'yan wasa, kowace da lamba da sunan mai ita a baya. Rigunan ba su da kauri. In Chindo ya juya su ya rataye, haske ya biyo ta baya, sai inuwar rubutun ta fito ta ciki. Sati bayan sati yana kallon wannan inuwa har ya san ta kamar yadda mutum ke sanin fuskokin maƙwabta. Ya raɗa wa haruffan sunaye na kansa. Akwai tsani mai mataki ɗaya, akwai bukka mai ɗamara, akwai sanda, akwai ƙwai, akwai mai ciki biyu. In ya ga tsani daga dama, bukka na bi masa, sai mai ciki biyu, sai sanda, ya san ta Habibu ce, mai tsaron gida. Bai taɓa jin wani abu ya yi masa banbaraƙwai ba, don rubutun baibai daga dama yake farawa, kamar na allo.

Wata rana yana raba wa 'yan wasa rigunansu a ninke a juye, yana kiran suna ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba, sai Mushe Attahiru ya tsaya ya riƙe baki.

"Kai jama'a, ku zo ku ga ikon Allah!" in ji shi. "Mu muna hwama da ɗiya su karanta ta gaba, ga mutum shina karantawa ta baya!"

Nan ne Chindo ya kamata ya yi dariya ya faɗi gaskiya. Amma samari goma sha takwas na kallonsa da wani irin ido da ba a taɓa kallonsa da shi ba, abin ya yi masa daɗi har cikin ƙashi. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya dai gyara hula ya kira sunan na gaba. Kafin sati ya zagayo ya zama Malam Chindo, kuma ba za a ɓoye ba, yana son sunan ƙwarai.

Sai dai sunan ya zo da wahalarsa. Tsofaffi suka fara kawo masa takardun asibiti da na buro, wato ofishin hukuma, ya duba musu. Allah ya taimake shi sana'arsa ta ruwa ce: da ya hango mutum tafe da takarda sai ya tsoma hannu biyu cikin baho har gwiwar hannu, ya ce hannunsa a jiƙe yake, kada ya ɓata takardar hukuma. In an ce za a riƙe masa, ya ce tabaraunsa na gida. Tabarau kuwa bai taɓa mallaka ba. 'Ya'yansa sun yi lallashi har sun gaji ya bari su koya masa, ya ce shi ba zai zauna gaban wadda ya haifa yana maimaita baƙi kamar ɗan yaye ba. Barira ce kaɗai ba ta gaji da tsokanarsa ba.

"Malam mai tabarau," takan ce in ta ajiye masa tuwo, "ranad da rijiya taƙ ƙahe, ina ka tsoma hannun naka?"

"Ke dai ki ji da ƙuli-ƙulinki," yakan ce. Amma maganar tana taɓa shi. Ba talauci yake tsoro ba, ba ciwo ba, sai ranar da samarin nan za su gane shekara goma sha ɗaya yana karɓar girman da ba nasa ba.

A bana Gawo ta kai wasan ƙarshe na cin kofi, za ta kara da wata ƙungiya daga Malbaza ranar Lahadi da la'asar. Ranar Juma'a da safe sai ga Mushe Attahiru a kan babur da buhu ɗaure a baya.

"Ina kwana, Malam Chindo? Aiki na kawo ma, wanda ba kowa ka iya shi ba."

Ya kwance buhun. Sababbin riguna ne kore shar, kyautar Alhaji Badaru, ɗan unguwar da ke kasuwanci a Konni. An riga an buga musu lambobi, amma injin mai bugawar ya lalace kafin a kai ga sunaye. Sai aka aiko da sunayen a kan takardu na musamman, irin waɗanda ake kifawa a kan riga a danna da zafi, rubutun ya bar takarda ya kama yadi. Ba ragowa ko ɗaya. In aka ƙona ko aka manna sunan wani a rigar wani, shi ke nan.

"Kuma rubutun a juye shike," in ji Mushe. "Ni kaina sai da nis sa madubi. Ga takarda nan na rubuto sunan kowa da lambatai."

Hannun Chindo tuni ya shige baho. "Aje ta bisa tebur, Mushe. Lambar wa ta ban sani ba cikin ɗiyan ga?"

Mushe ya hau babur yana wani murmushi ƙasa-ƙasa. "Ka dai duba da kyau. Akwai abin da za shi ba ka mamaki ciki."

Da ƙarar babur ta yi nisa Chindo ya goge hannu ya buɗe takardun. Sai ya ji dariya ta ƙwace masa. Ga tsani daga dama, ga bukka, ga mai ciki biyu: Habibu ne sak, baƙi ƙirin a kan farar takarda, ba inuwa ba, ba sai an ɗaga a haske ba. Ga Mamane, ga Awal, ga Tanimun. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin rubutun boko ya fuskance shi ta inda ya san shi ba sai yau. Ya jera su a kan tabarma yana kiran sunayen da ƙarfi shi kaɗai, har wata mai tallan gyaɗa ta tsaya tana kallonsa. Ya ji kansa ya yi girma, ya ce a ransa ashe dai akwai ranar da Mushe zai nemi madubi shi kuwa bai nema ba.

Ya soke duk wani wanki na kwana biyu. Ya hura gawayi, ya jira har jan wutar ya kwanta toka ta rufe shi, ya ɗiga ruwa a ƙasan dutsen guga ya saurari ƙarar. Ya shimfiɗa rigar Awal a kan teburin da aka yi wa shimfiɗar bargo, ya auna yatsu huɗu daga wuya, ya kifa takardar, ya rufe da farin ƙyallensa. Ya yi bisimilla ya danna da dukkan nauyinsa, ba ya ja, ba ya turawa, yana ƙirga numfashinsa har goma sha biyar. Ya ɗaga, ya matsa gaba, ya sake dannawa. Sannan ya ja da baya ya naɗe hannu, don ya san ɗoki ne ke ɓata irin wannan aiki. Sai da takardar ta huce ya kama kusurwarta da farce ya ɗago a hankali, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Sunan ya zauna daram, ko gefen harafi ɗaya bai tashi ba. Ya yi hamdala, ya juya rigar, ya ninke. Kafin a kira sallar Juma'a ya gama huɗu, da yamma ya ƙara biyar.

Ranar Asabar da hantsi ya ƙarasa ta goma sha takwas, sai ya ga saura riga ɗaya a ƙasan buhu, marar lamba, da takarda ɗaya a kan tabarma. Tun jiya ya lura da ita ya ture ta gefe. Yanzu ya ɗauko ta ya ƙura mata ido. Haruffa shida ne. Na farko daga dama kamar jinjirin wata, sai tsani, sai sanda, sai wani mai kama da karyayyar ƙofa, sai rabin ƙwarya, sai ƙwai. Kowane ya taɓa ganinsa a wani wuri, amma wannan jeri bai taɓa hawa igiyarsa ba. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ta ƙi ce masa komai.

Da rana ya kai maganar gida. Barira, wadda ita ma ba ta taɓa shiga aji ba, ta karɓi takardar ta kalla ta mayar masa.

"Tambayi Mushe mana. Mi za shi rage ka da shi?"

"In ce mai mi? Ni da nik karanta sha takwas, guda ta gagare ni?"

"Ka ce mai gaskiya, Chindo. Ka tsuhwa da wannan ɓoyo. Wallahi tausai kaka ba ni."

Ya ci tuwonsa yana tunani, kuma kafin ya suɗe hannu dabara ta zo masa, har ya ji daɗin kansa. Ai ba wuya: riga ɗaya ta rage, takarda ɗaya ta rage, dole ta juna ce. Sabon ɗan wasa ne aka ɗauka. Gobe in an taru zai kira goma sha takwas ɗin da ya sani, duk wanda ya rage tsaye ba riga, sai ya miƙa masa ba tare da ya kira suna ba. In an ambaci sunan a wurin ya riƙe, shi ke nan ya ƙara fuska ɗaya. Ya koma rumfa ya manna baƙon sunan da kulawa irin ta sauran, ya juya, ya ninke, ya sa a ƙasan jeri.

Ranar Lahadi bayan azahar gindin bedi ya cika. 'Yan wasa sun zo, masu kiɗa sun zo, 'yan kabu-kabu sun jera babura za su raka ƙungiya fili. Alhaji Badaru ma ya taso daga Konni, an ajiye masa kujera a inuwa. Barira na tsaye daga gefe da tiren ƙuli-ƙuli. Chindo ya sa wankakkiyar riga, ya tsaya bayan tebur, ya ɗaga ta farko a haske.

"Tanimun!"

Aka yi tafi. Tanimun ya karɓa ya juya ta, ya nuna wa jama'a sunansa fes. "Mamane! Awal! Habibu!" Kowa ya karɓa sai an yi shewa, Alhaji yana gyaɗa kai yana cewa lalle abin da aka faɗa masa gaskiya ne. Chindo na kira yana satar kallon taron, yana neman baƙuwar fuska. Jeri na raguwa, bai ga kowa ba. Ya kira ta goma sha takwas, mai ita ya karɓa. Ya duba dama, ya duba hagu. Samari goma sha takwas, kowa da koriyar rigarsa a hannu, kowa baki har kunne, duk sun zuba masa ido. Ba wanda ya rage.

Mushe Attahiru ya matso yana shafa hannu. "To, Malam Chindo, saura guda. Tun shekaranjiya kag gan ta kay yi shiru, kai dai akwai zurhin ciki. Karanta muna ita da bakinka, kowa shi ji."

Chindo ya ɗauki rigar. Hannunsa a bushe yake ƙayau, baho na can nesa a kife. Maganar tabarau ba ta taso ba, tunda yanzun nan ya kira goma sha takwas. Ya yi tunanin ya ce Badaru, tunda shi ya yi kyautar, sai ya ga in ya kuskure, kunyar ta ninka. Ya ɗaga ido ya hangi Barira. Ba ta yi masa dariya ba, ta dai sauke tiren daga kanta ta riƙe a ƙugu tana jira. Sai ya ji wata irin gajiya ta sauko masa, ta shekara goma sha ɗaya, har ya ji ta fi ƙarfin tsoron.

"Ban san shi ba," ya ce. "Ban taɓa wanke rigatai ba."

Taron ya kwashe da dariya, an ɗauka barkwanci ne. Chindo ya jira har dariyar ta lafa.

"Ba wasa nika ba. Ni ban iya karatu ba, Mushe. Ko ƙohwal lakwal ban taɓa takawa ba. Sunayen ɗiyan ga sani nai musu, kamar yadda nis san awakina. Wanda nit taɓa wankewa na san shi, wanda ban taɓa ba ban san shi ba. Ranad da kac ce ina karatu, daɗi nij ji, niy yi shiru. Ku gahwarce ni."

Masu kiɗa suka ɗora hannu a kan ganguna. Wani daga cikin 'yan kabu-kabu ya yi 'yar dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Alhaji Badaru ya tuɓe hula ya sosa kai ya mayar. Mushe Attahiru kuwa ya yi tsuru-tsuru, don shi ya shirya abin da niyyar faranta rai, ga shi ya kai dattijo ya baro a gaban jama'a. Habibu ne ya fara magana, can daga baya, da muryarsa mai kauri.

"To mu ina ruwanmu? Shekara sha ɗaya ina cikin Gawo, bai taɓa ba ni rigaw wani ba."

Mushe ya haɗiye yawu ya matso kusa, ya rage murya, amma kowa ya ji.

"Baba Chindo, sunanka na. Rigakka ta. Ɗiyan ga sunka ce a yi ma."

Chindo ya dube shi, ya dubi rigar. Sunaye nawa ya wanke, ya lallaɓa, ya tsare daga rana da wuta, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ma nasa yana da kama ba. Kwana biyu sunan na kwance a kan tabarmarsa yana hararar sa kamar baƙon da ya zo cin bashi, shi da kansa ya danna shi a yadi, bai gane shi ba. Ya kama rigar ta kafaɗu, a juye yadda take, ya ɗaga ta sama wajen da haske ke ratsa ganyen bedi. Ga jinjirin wata, ga tsani, ga sanda. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya cika da ƙwalla, bai kuma damu da a gani ba.

"Ashe haka nike," ya ce.

Wani ya duba waya ya ce lokaci ya yi, 'yan Malbaza sun riga sun isa fili. Masu kiɗa suka saki ganguna, babura suka tashi, samari suka shiga zura sababbin riguna. Mushe ya juya zai bi su, sai Chindo ya riƙo hannun rigarsa.

"Tsaya, Mushe. Wane na na hwari? Mi shika cewa?"

Mushe ya zagaya ta ɗaya gefen, rigar na rataye tsakaninsu a hannun Chindo. Ya ɗaga gefenta ya leƙa, ya sa yatsa a kan harafin farko, Chindo ya sa nasa daga inda yake, yatsun suka haɗu, yadi ne kawai a tsakani. Mushe ya faɗi sunan harafin, Chindo ya maimaita. Ya ce wannan da tsanin da ke bi masa tare suke magana. Chindo ya ce yaya za a yi abu biyu su yi magana ɗaya, Mushe ya ce haka Nasara suka tsara, Chindo ya yi tsaki ya ce lalle ba su da aikin yi, amma ya maimaita. Suka wuce zuwa sanda.

Habibu ya dawo da gudu, safar hannu a hammata. "Mushe, ana jiranmu hwa!"

Mushe ya dubi hanyar fili, ya dubi dattijon da bai ko ɗaga kai ba, yatsansa na kan harafi na huɗu yana jira.

"Ku yi gaba, ka jera su yadda munka saba," in ji Mushe. "Muna nan tahe. Saura ukku."